Giris ko ƙarfi ake yi wa gwiwar hannu fata? Fashin baƙi kan salon maganar Turanci

Wanne ne daidai, "more grease to your elbow" ko "more power to your elbow"? Duk shekara idan jarrabawar JAMB da ta WAEC suka ƙarato sai wannan gardama ta farfaɗo. Yaro ya tashi yana jin ta farkon a bakin malaminsa, a bakin babban baƙo ranar rabon kyaututtuka, a bakin sanƙira a wurin taro, sai rana tsaka a ce masa ai ba haka Turawa ke faɗa ba. Wasu su ce kuskure ne, a daina. Wasu su ce Turancinmu ne, ba wanda ya isa ya hana mu. Can gefe kuma ga wanda bai ma kai ga gardamar ba, shi abin da ya ɗaure masa kai shi ne: me ya haɗa gwiwar hannu da yabo, balle a shafa mata giris sai ka ce sarƙar keke?

Daga tambayar wannan na ukun ya kamata a faro, don ita ce gindin sauran.

Mene ne salon magana?

Abin da Turawa ke kira idiom, wasu 'yan kalmomi ne da suka daɗe suna tafiya tare har suka haifi ma'anar da babu ita a cikin kowace ɗaya daga cikinsu. Mu ma da su muke kwana muke tashi. In ka ce wa baƙon da ke koyon Hausa "wane yana da dogon hannu", hannun mutumin zai kalla, ba zai taɓa kawo sata a ransa ba. In ka ce "ta fasa ƙwai", zai nemi tsintsiya. In ka ce "ya kwanta dama", zai ce a bar shi ya huta. Kowace kalma ya san ta, maganar ce bai sani ba.

Ba ɗaya suke da karin magana ba, ko da yake 'yan uwan juna ne. Karin magana cikakken zance ne mai tsayawa da ƙafarsa, kamar "rigakafi ya fi magani". Shi kuwa salon magana gutsure ne da ake sakawa cikin jimla, a juya shi yadda zancen ya zo: na fasa ƙwai, za ta fasa ƙwai, kada ka fasa ƙwai. Amma juyawar tana da iyaka. Ba ka da ikon cewa "ta fasa tulu" kana nufin ta tona asiri, kamar yadda Bature ba zai canza waken da ke cikin "spill the beans" ya sa shinkafa ba. Wannan taurin kai na kalmomin shi ne ya haifi gardamar giris, za mu komo kanta.

Tarkon fassara kalma da kalma

Wanda bai gane magana ba, da sauƙi, zai tambaya. Wanda ya faɗa rami shi ne wanda ya ɗauka ya gane, saboda fassarar ta yi kama da wani abu da ya sani a Hausa.

Ɗauki "pull someone's leg". Bahaushe na ji sai "jan ƙafa" ya faɗo masa, wato jinkiri da gangan, irin wanda ake zargin hukuma da shi idan ta ƙi biyan haƙƙin ma'aikata. Alhali Bature in ya ce "I'm pulling your leg", cewa yake yi zolayarka nake, irin ta abokan wasa. Jan ƙafar namu kuwa yana da nasa a Turanci daban, "drag one's feet". Haka "jan wuya": a wurinmu kirari ne na jarumi, amma ka kuskura ka kira Ba'amurke "redneck" ka zage shi, don kalma ce ta raini da ake jifan fararen fata talakawan karkara da ita. Jini ma haka. Farin jini da baƙin jini a Hausa zancen ƙaunar jama'a ne ko rashinta. A Turanci "bad blood" gaba ce tsakanin mutum biyu, "blue blood" kuma jinin sarauta.

Wani lokaci kuwa harsunan biyu sukan yi kusa da juna abin mamaki. Ango ya tsorata ana gobe ɗaurin aure, Bature ya ce ya samu "cold feet", mu mu ce gwiwarsa ta yi sanyi. Sanyin ɗaya ne, sun dai sauko da shi ƙasa kaɗan. "Piece of cake" shi ne "kamar shan ruwa". "Beat about the bush" shi ne kwana-kwana. "Between the devil and the deep blue sea" ba wani abu ba ne illa gaba kura baya siyaki. "Black sheep" na dangi kuwa shi ne wanda muke cewa zakkar gida.

Daga ina suka samo su?

Kowace al'umma daga abin da take gani kullum take ƙera magana. Mu noma da kiwo da kasuwa da kokawa suka ba mu namu: ɗan takara ya "sha kaye", wane ya "shuka tsiya", ɗan majalisa ya "sauya sheƙa" kamar tsuntsu. Ingila a kan tsibiri take, ta yi ɗaruruwan shekaru arzikinta da yaƙinta suna kan teku, shi ya sa bakinsu ya cika da jirgin ruwa. Sabon ma'aikaci sai ya "learn the ropes", domin a jirgin da iska ke turawa aikin farko shi ne sanin igiyoyi. In aiki ya taso wa kowa a ce "all hands on deck". Mutumin da ba a san abin da zai yi ko zai faɗa ba a kira shi "loose cannon", igwar da ta kwance daga ɗaurinta tana gangarawa a cikin jirgi tana ɓarna. Yaron da ya girma a Gusau ko Maraɗi bai taɓa ganin ko ɗaya daga waɗannan ba, to ta yaya hoton zai zo masa? Ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne.

Wasanni ma sun ba da nasu. Daga damben zamani aka samu "throw in the towel", mai horarwa ya jefa tawul cikin fage alamar yaronsa ya sallama, da "below the belt", naushin da doka ta hana. Amurkawa kuma daga wasansu na ƙwallon sanda suka ɗebo "ballpark figure", wato ƙiyasi, da "touch base", wato a ɗan tuntuɓi juna. Daga teburin karta aka samu "pass the buck", tura wa wani alhaki, wanda ya sa Harry Truman, shugaban Amurka daga 1945 zuwa 1953, ya ajiye ɗan allo a teburinsa mai cewa "The buck stops here", ma'ana alhaki a kaina ya tsaya.

Sai addini, wanda a nan ne Bahaushe zai fi saurin ganewa. Yadda muke cewa haƙuri irin na Annabi Ayuba, ko dukiya kamar ta Ƙaruna, haka su ma Baibul ya ratsa harshensu, musamman fassarar da aka yi zamanin Sarki James a 1611. Su ma suna cewa "the patience of Job". Kalmar "scapegoat", wanda ake shafa wa kashin kaji a kan laifin wasu, William Tyndale ne ya ƙirƙiro ta a 1530 lokacin da yake fassara labarin bunsurun da ake ɗora wa zunuban jama'a a kora shi daji, a sura ta 16 ta Littafin Firistoci. "The writing on the wall", alamar cewa ƙarshe ya zo, daga sura ta 5 ta littafin Daniyel take, inda hannu ya yi rubutu a bango ana tsakiyar liyafar Sarki Belshazzar. Shakespeare ma ya bar nasa, irin su "green-eyed monster" da yake nufin kishi.

Sai dai a yi hattara da labaran asali masu daɗin ji. Akwai wanda ke yawo cewa "raining cats and dogs" ta samo asali ne daga kyanwoyi da karnukan da ke kwana a rufin ciyawa, in an yi ruwa su zamo su faɗo. Babu hujjar da ta tabbatar da shi, kuma wa ya taɓa ganin kare a kan jinka? Abin da aka sani shi ne maganar tsohuwa ce, marubuci Jonathan Swift ya rubuta ta tun 1738. Ma'anarta dai ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abin dariyar shi ne, ɗalibanmu sun fi mutanen Landan na yau yawan faɗinta. Su sun fi cewa "it's pouring".

Waɗanda ke cika jaridu

Wanda ke bin labarun siyasa da Turanci ba zai kwana biyu bai ci karo da "lame duck" ba. Gurguwar agwagwa ke nan in an bi kalmomin. Asalinta a kasuwar hannun jari ta Landan ne a ƙarni na 18, inda ake kiran dillalin da ya kasa biyan bashi da ita. Daga baya Amurkawa suka maƙala wa shugaban da aka riga aka zaɓi magajinsa amma bai sauka ba: yana kan kujera, amma idon kowa ya koma kan mai shigowa. Tsawon wannan zama ya dame su har suka gyara tsarin mulki a 1933, suka dawo da ranar rantsuwa daga 4 ga Maris zuwa 20 ga Janairu. A Najeriya ma akwai irin wannan rata, kamar a 2023 da aka yi zaɓe 25 ga Fabrairu aka miƙa mulki 29 ga Mayu. Duk wanda ya ga yadda ƙofar gidan gwamna mai barin gado ke yin tsit a waɗannan watanni ya san gurguwar agwagwa ko bai san sunanta ba.

"White elephant" kuwa daga ƙasar Siyam ta fito, wadda yanzu ake kira Tailan, inda farar giwa ke da alfarma, ba a sa ta aiki. Ana ba da labarin cewa in sarki na son ya karya bafade sai ya yi masa kyautarta: ba damar sayarwa, ba damar mora, ga ci kullum. Shi ya sa ake kiran duk aikin da ya lashe kuɗi bai tsinana komai ba da wannan suna, kuma jaridun Najeriya sun daɗe suna liƙa shi ga kamfanin ƙarfe na Ajaokuta a jihar Kogi, wanda aka faro da taimakon Tarayyar Sobiyet tun 1979. "Red tape", je-ka-ka-dawo na ofisoshin gwamnati, daga jan kirtanin da ake ɗaure takardun hukuma da shi ne. "Witch-hunt" kuma, wadda duk ɗan siyasar da aka gayyata bincike ke rerawa, tana tuna farautar mayu irin ta garin Salem na Amurka a 1692. Mu mun riga mun samu wadda ta fi ta zama daram: bi-ta-da-ƙulli.

Sanin ma'ana rabin aiki ne

Nan ne littattafan haddar jarrabawa suke cutar yara. Sukan jera salon magana a hagu, ma'ana a dama, shi ke nan. Ba sa faɗin a gaban wa ake furta ta, a wane yanayi.

Wata rana da yamma ɗan yayata ya miƙo mini wayarsa, ya ce, "Kawu, don Allah duba mini wannan kafin in tura wa Malam, mahaifinsa ne ya rasu." Na karɓa na duba. Layin farko: "Sir, I am very sad to hear that your father has kicked the bucket." Na ɗago na dube shi, fuskarsa cike da jimami na gaskiya, har da ɗan alfahari na wanda ya yi amfani da babban Turanci. Na ce, "Kai, in mahaifin abokinka ya rasu, za ka je gidan makoki ka durƙusa ka ce, ashe Baba ya sheƙa barzahu?" Ya zaro ido ya ce, "Subhanallahi, Kawu, wa zai faɗi haka?" Na ce to abin da ka rubuta ke nan. Ya ce wallahi a littafinsu an rubuta ma'anarta "to die". Littafin bai yi ƙarya ba. Abin da ya ɓoye masa shi ne maganar ta 'yan tasha ce tun asali, tana cikin wani ƙamus na zantukan kan titi da Francis Grose ya wallafa a 1785, kuma har yau da raha ko rashin ganin girma ake faɗinta. Wadda ta dace da ta'aziyya ita ce "passed away", takwarar "ya riga mu gidan gaskiya". Muka goge, muka sake.

Haka "break a leg", wato ka karya ƙafa in an bi kalmomin. In Bature ya faɗa wa ɗan wasan kwaikwayo haka kafin ya hau dandamali, fatan alheri yake masa, don a al'adarsu ta 'yan wasa suna camfa cewa faɗin fatan alheri ƙarara yana jawo akasi. Amma ba a faɗa wa direban da zai kama hanyar Abuja.

Kuma yawansu a rubutu ba ƙwarewa ba ce. Takardar neman aiki da aka cusa wa salon magana biyar a sakin layi ɗaya kamar miya ce da aka juye wa gishirin mako guda.

Su kansu Turawan ba bakinsu ɗaya ba

Winston Churchill, tsohon firaministan Birtaniya, ya ba da labarin wata taƙaddama da ta tashi tsakanin hafsoshin Birtaniya da na Amurka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. 'Yan Birtaniya sun zo da wata takarda mai muhimmanci suka ce suna so a yi mata "table". Amurkawa suka ce sam ba za a yi ba, batun ya fi ƙarfin haka. Aka daɗe ana ja-in-ja kafin a gano abu ɗaya suke so: a Birtaniya kalmar na nufin a gabatar da batu a tattauna yanzu, a Amurka kuwa a jingine shi. Majalisun Najeriya salon Birtaniya suke bi a nan.

To giris ɗin fa?

Asalin maganar a Birtaniya "more power to your elbow" ce, wato Allah ya ƙara wa hannunka ƙarfi. Akwai kuma wata daban, "elbow grease", da ke nufin aikin ƙarfi irin na goge tukunya ko wanke daɓe. Ga dukkan alamu biyun ne suka cakuɗe a bakin mutanen Afirka ta Yamma, aka haifi ta uku. Ba ita kaɗai ba ce. Bature na cewa "cut your coat according to your cloth", wato ka yanka riga daidai yadinka, mu muka mayar da ita "according to your size", daidai jikinka. Yana cewa "better the devil you know than the devil you don't", wato gara shaiɗanin da ka sani da wanda ba ka sani ba, mu muka sa mala'ika a gurbin shaiɗan na biyu. "Go-slow" a wurinsa ma'aikata ne ke rage saurin aiki don nuna fushi, a wurinmu cunkoson motoci ne, har Hausa ta are shi ta ce gosulo. "Put to bed" a can kwantar da yaro barci ne, a nan haihuwa.

Masu cewa kuskure ne suna da hujja. Mai gyaran takardar jarrabawa daidaitaccen Ingilishi yake bi, kuma Turanci dole ne ga duk mai zana JAMB, tambaya 60 cikin 180. Maki ɗaya ko biyu na iya raba yaro da gurbin karatun da yake so. Wanda kuma zai rubuta wa jami'a a waje ko kamfanin da ba na gida ba, in ya ce matarsa ta "take in" yana nufin ta samu juna biyu, ba za a gane shi ba.

Masu cewa namu ne su ma ba da ka suke magana ba. Harshe na masu magana da shi ne, kuma Amurkawa da mutanen Ostireliya sun lanƙwasa Ingilishi yadda suka so ba wanda ya ce sun yi laifi. A Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Najeriya, ciki har da "put to bed", "rub minds", "next tomorrow", "ember months" da Kannywood. A farkon 2025 aka sanar da ƙarin wasu, irin su suya da japa, wato tserewa ƙasar waje. Sai dai a lura, ƙamus ɗin ya yi musu lamba ne a matsayin Ingilishin Najeriya. Shaida ce cewa ana faɗinsu, ba lasisin rubuta su a kowace takarda ba.

Ni a ganina ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Mai mala'ikan nan ta fi ta asali ƙarfi, don ta ce ko baƙon ya zo da fuskar salihai, gara mugun da ka sani. Giris ɗin ma ba ya cutar kowa a wurin biki. Amma "according to your size" ɓarna ce, domin ta kashe hikimar. Je ka wurin tela da yadi uku ka ce babbar riga kake so har da 'yar ciki da wando. Ba zai musa cewa girman jikinka ya cancanci babbar riga ba, yadin zai nuna maka. Maganar tun farko a kan abin da ke hannunka take, daidai ruwa daidai tsaki. In aka ce ka yanka daidai jikinka, an ba mai ƙiba izinin cin bashi ke nan.

Abin da ya shafi masu fassara zuwa Hausa

Wannan ɓangaren ya fi damuna, don shi ne ke shiga kunnen wanda bai taɓa zama a aji ba. Mai fassarar labarai yana cikin sauri, ya ci karo da salon magana, sai ya juye shi yadda ya gan shi. Ta haka "hawayen kada" da "jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya" da "tsallake jan layi" suka shigo, har kunne ya fara sabawa. Aro ba laifi ba ne, kowane harshe na yi. Ingilishi kansa daga Sinanci ya aro "lose face" a ƙarni na 19. Amma a yi aron inda babu na gida. Magabata a aikin rediyo da suka ci karo da "Cold War" ba su ce yaƙin sanyi ba, suka ce yaƙin cacar baka, kowa ya gane. "Black market" suka ce kasuwar bayan fage.

Wani lokaci ma sai ka ƙera sabo da kayan gida. Bature in zai kwatanta aikin banza yakan ce "carry coals to Newcastle", domin garin Newcastle ya yi suna da haƙar kwal da fitar da shi, kai masa kwal ɓata ƙarfi ne. In ka faɗa wa tsoho a Agadas ko Kano cewa wane ya kai gawayi Newcastle, sai ya tambaye ka ko an samu riba. Ka ce masa wane ya yi lodin gishiri a raƙuma ya nufi Bilma, ka ga in bai yi dariya ba.